Yadda Ake Zaɓen Girman Katako Don Gina Gareji Mai Buɗaɗɗen Rufi

Buɗaɗɗen rufi shi ne wanda ba a yi masa silin ba, wanda idan ka shiga garejin ka ɗaga kai za ka hangi raftoci, wato katakan da suke gangarowa daga doron rufi zuwa saman bango, da cikin kwano. Ana son irinsa saboda yana ba da sarari a sama kuma yana rage cin katako, sai dai masu koyo da yawa ba su san cewa katakan da ake buga silin a jikinsu suna da wani aiki na biyu ba, wato su ne ke riƙe bangaye biyu kada su buɗe. Duk wanda ya cire su bai tanadi abin da zai maye gurbinsu ba, zai ga doron rufi ya fara lotsawa, bango kuma ya fara turo ciki waje. Na gina irin wannan gareji sau da dama, na kuma gyara waɗanda wasu suka gina, kuma abin da na fi cin karo da shi ba ƙanƙantar rafta ba ne, rashin sanin inda nauyi yake bi ne tun daga kwano har zuwa ƙasa.

Kayan aiki da kayan gini

Domin lissafi kana buƙatar tef ɗin awo, da takarda da fensir, da kalkuleta, da kuma teburin tsallaken katako na ƙa'idar gini ta ƙasar da kake, wato wanda yake nuna iyakar tazarar da kowane girman katako zai iya tsallakewa ba tare da tokari ba, idan akwai shi. Domin aikin kansa akwai zarto, guduma, sukwaya, lebul, igiya mai nauyi a baki don duba tsayuwar bango, da na'urar huda. Na'urar auna danshin katako tana da amfani matuƙa, domin katakon gini bai kamata danshinsa ya kai kashi 20 cikin ɗari ba. Idan ba ka da ita, ka jera katakan a inuwa a kan abin da zai ɗaga su daga ƙasa, ka sa 'yan sanduna a tsakaninsu iska ta riƙa ratsawa, ka auna nauyin guda ɗaya duk mako har ya daina raguwa.

Kayan ginin su ne katakon bango, katakon rafta, katakon ɗauri ko bim, ƙananan katakan kwance da ake buga kwano a kansu, filawud mai kaurin milimita 12, ƙusoshi masu rufin hana tsatsa, bol mai kaurin milimita 12 da wosha, ƙarafan ɗaure rafta da bango, da maganin gara da ruɓewa.

Kada ka yi lissafi da sunan katako, ka yi da awon da ka ɗauka da hannunka. Katakon da ake kira 2×4, idan an goge shi irin na Amurka, milimita 38 ne da 89; 2×6 kuwa 38 da 140; 2×8 shi ne 38 da 184; 2×10 shi ne 38 da 235; 2×12 kuma 38 da 286. Na 2×6 da aka yanka ba a goge ba yakan kai 50 da 150, yakan kuma gaza haka. A nan gaba, siririn gefe zan riƙa kira kauri, faffaɗan gefen da yake tsaye kuma zurfi.

1. Tsayar da awon garejin da gangarar rufin

Ka rubuta faɗin garejin, da tsawonsa, da tsayin bango, da tashin rufi daga saman bango zuwa doro, sannan ka nuna bangon da ƙofar mota za ta kasance. Misalin da zan bi har ƙarshe shi ne gareji mai faɗin mita 6 da tsawon mita 6, rufi mai gangara biyu wanda ya tashi mita 1.5 a tsakiya, rafta kowane milimita 600. A wannan tsari kowace rafta tana tsallake mita 3 idan an auna a kwance, tsawonta a gangare kuma mita 3.35 ne ban da abin da ya zarce bango. Teburan ƙa'ida da awon kwance suke aiki, kuma rikita waɗannan biyu kuskure ne da ake yawan yi.

2. Tara nauyin da rufin zai ɗauka

Nauyi iri biyu ne, na dindindin da na wucin gadi. Kwanon ƙarfe bai wuce kimanin kilo 5 a kowace murabba'in mita ba, idan aka haɗa shi da katakan kwance da raftoci da ƙusoshi, kilo 25 ya wadatar a lissafi. Tayil ɗin kankare kuwa shi kaɗai yakan kai kilo 45 zuwa 50, saboda haka wanda ya canza ra'ayi daga kwano zuwa tayil bayan an gama ɗora raftoci dole ne ya sake lissafi daga farko. Nauyin wucin gadi shi ne na ma'aikata da kayansu, da dusar ƙanƙara a ƙasashen da take sauka. Ƙa'idar Amurka tana sa kusan kilo 100 a murabba'in mita, ta Birtaniya kuma ta fara daga 60. A misalina na ɗauki 75, idan aka haɗa da 25 na dindindin jimilla kilo 100 a kowace murabba'in mita, wanda a lissafin injiniyoyi ya yi daidai da kusan kiloniyuton 1, ana rubuta shi kN. Inda ake dusar ƙanƙara mai yawa, lambar da hukumar gini ta wurin ta bayar ita ce abin bi.

3. Yanke shawarar abin da zai hana bango buɗewa

Wannan shi ne matakin da na fi so ka natsu a kansa, domin shi ne ya bambanta buɗaɗɗen rufi da sauran rufi. Raftoci biyu da suka jingina da juna a doro, idan nauyi ya danne su, ƙafafunsu waje suke turawa. Ana samun ƙarfin wannan turi ta hanyar ninka nauyin da ke kan kowace mita da faɗin gareji, a sake ninkawa da faɗin garejin, sannan a raba da tashin rufi da aka ninka sau 8. A misalinmu kowace mita ta rafta tana ɗauke da kN 0.6, wato kN 1 sau ratar raftoci ta mita 0.6, sai a ce 0.6 sau 6 sau 6, a raba da 12, a sami kN 1.8. Ma'ana kowane haɗin rafta yana tura kowane bango da ƙarfin kusan kilo 180, kuma akwai irin wannan haɗi guda 11 a tsawon mita 6. Idan ka rage tashin rufin zuwa rabi, turin zai ninka. Bangon katako ba ya iya jure wannan shi kaɗai.

Hanya ta farko ita ce katakon ɗauri, wanda ake shimfiɗawa daga ƙafar rafta zuwa ƙafar 'yar uwarta ya zama kamar tsirkiyar baka. Mafi kyawun wurinsa shi ne daidai saman bango. Idan kana neman ƙarin sarari kana iya ɗaga shi, amma kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na tashin rufi daga ƙasa, kuma ka sani cewa ɗaga shi yana ƙara wa rafta wahala sosai: teburin ƙa'idar Amurka yana rage tsallaken da aka yarda wa rafta zuwa kashi 67 cikin ɗari idan ɗaurin ya kai wannan iyaka, zuwa kashi 90 kuma idan kashi ɗaya cikin shida kawai aka ɗaga. Gajeren katakon da ake bugawa can sama kusa da doro ba ya wannan aiki ko kaɗan, amfaninsa shi ne hana iska raba raftoci a doro. Na taɓa duba wani gareji da aka dogara da waɗannan gajerun katakai kawai, na tarar saman bangon ya fita da kusan santimita 5 a tsakiya, ƙofar kuma ta daina rufuwa daidai, alhali raftocin kansu manya ne masu kyau.

Katakon ɗauri ba kasafai yake tsinkewa ba, mahaɗarsa da rafta ce take sakin jiki. Ƙusa guda mai tsawon milimita 90 tana riƙe kimanin kilo 50 a katako mai laushi, don haka turin kilo 180 yana son ƙusa huɗu aƙalla a kowane baki, ni kuwa biyar nake bugawa, ko in sa bol da wosha. Idan ka ɗaura haɗi ɗaya ka tsallake ɗaya, wato ɗauri kowace mita 1.2, to ƙarfin da ke kan kowace mahaɗa ya ninka, ƙusoshin ma sai su ninka, kuma kada ratar ta wuce haka. Ɗauri mai tsawon mita 6 yana lotsawa da nauyin kansa, shi ya sa nake amfani da 38 da 140, in kuma rataye tsakiyarsa da wani katako daga doro. Idan babu katako mai wannan tsawo, a haɗa biyu su haye juna sosai a ɗaure da bol, kada a haɗa baki da baki. Kuma ba wurin ajiyar kaya ba ne, ba a rataya inji a jikinsa.

Hanya ta biyu ita ce bim ɗin doro, wato ƙaton katako da yake kwance a doron rufi a kan ginshiƙai, raftoci su rataya a jikinsa. Tunda doron ba zai iya sauka ba, ƙafafun raftoci ba sa turi, kuma ba a buƙatar ɗauri. Kada ka rikita shi da allon doro, siririn falankin da raftoci suke haɗuwa a jikinsa kawai, wanda ba ya ɗaukar nauyi. Idan gangarar rufinka ta gaza tashin 1 a cikin 4, bim ɗin doro ya zama dole, saboda turin ya fi ƙarfin ƙusoshi.

4. Lissafa girman rafta

Abu ɗaya ya kamata ka riƙe: zurfi ya fi kauri tasiri nesa ba kusa ba. Ninka kaurin katako yana ninka ƙarfinsa sau biyu, amma ninka zurfinsa yana ninka ƙarfin sau huɗu, juriyarsa ga lotsawa kuma sau takwas. Shi ya sa ake tsayar da rafta a kan siririn gefenta, ba a kwantar da ita.

Da farko ka nemo ƙarfin lanƙwasa da nauyi yake haifarwa: nauyin kowace mita sau tsallake sau tsallake, a raba da 8. A nan 0.6 sau 3 sau 3, a raba da 8, ya ba da 0.675. Ka ninka wannan da miliyan ɗaya domin ya koma awon milimita, ya zama 675,000. Sai ka raba shi da abin da katakonka yake iya jurewa. A Turai ana buga wa katako hatimin daraja, waɗanda aka fi sani su ne C16 da C24, kuma tsohuwar ƙa'idar Birtaniya ta BS 5268 ta ba C16 lambar 5.3, ta ba C24 lambar 7.5. Da C24 muna buƙatar 90,000, da C16 kuwa kusan 127,000.

Yanzu ka gwada katakan da kake da su: kauri sau zurfi sau zurfi, a raba da 6. Katako 38 da 89 yana ba da kusan 50,000, bai isa ba ko kusa. Na 38 da 140 yana ba da kusan 124,000, wanda ya wadatar idan C24 ne, amma ya ɗan gaza idan C16 ne. Na 50 da 150 yana ba da 187,500, na 38 da 184 kuma kusan 214,000. Idan katakonka ba shi da hatimi, ka ɗauki ƙaramar lambar ka yi aiki da ita, ka ƙara mataki ɗaya a girma, sannan ka tsananta wajen tantancewa da ido. Idan babban katako ne babu, ka matso da raftocin zuwa ratar milimita 400, nauyin kowace zai ragu da kashi ɗaya cikin uku.

Bayan ƙarfi sai lotsawa. Ga rufin da ba shi da silin ana yarda da tsawon rafta a raba da 180, amma ni da 240 nake rabawa, domin rufin da ake kallon cikinsa kullum lotsawarsa ba ta ɓuya. A misalinmu iyakar ta zama milimita 14. Rafta 38 da 140 ta C24 tana lotsawa kimanin milimita 8, ta 38 da 89 kuwa ta haura 30. Ɗanyen katako yana ci gaba da lotsawa shekara bayan shekara fiye da abin da lissafi ya nuna.

A inda rafta take zama a kan bango ana yanka mata gurbi. Kada zurfin yankan ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na zurfin raftar, kuma ta sami wurin zama na milimita 38 aƙalla. Ba a yi wa rafta tsaga ko yanka a tsakiyar tsawonta, domin a nan ne lanƙwasa ta fi tsanani. Katakan kwance da kwano yake hawa, 50 da 50 sun isa a kan raftoci masu ratar 600, tazarar da ke tsakaninsu kuma umarnin masu yin kwanon ake bi.

5. Idan bim ɗin doro ka zaɓa

Bim ɗin yana ɗaukar rabin nauyin rufin gaba ɗaya, wato faɗin mita 3, kN 3 a kowace mita. Idan zai tsallake mita 6 babu ginshiƙi a tsakiya, lissafin da ya gabata yana ba da 13.5, kuma da C24 ana buƙatar 1,800,000. Katako 38 da 286 yana ba da kusan 518,000, saboda haka sai an haɗa huɗu gefe da gefe da bol, ko a nemi katakon masana'anta da aka manne shi falle-falle, ko bim ɗin ƙarfe. Ginshiƙi guda a tsakiya yana rage ƙarfin lanƙwasar zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, har katako biyu na 38 da 235 su wadatar, kuma a garejin mota biyu ginshiƙin yakan faɗa tsakanin motocin bai tare hanya ba.

Kowane bakin bim mai tsallaken mita 6 yana sauke kusan kilo 900 a wuri ɗaya, kuma wannan nauyi yana son ginshiƙi da ya sauka kai tsaye har kan tushe mai ƙarfi. Matsalar ita ce, sau da yawa ƙofar mota tana daidai ƙarƙashin wannan baki, sai nauyin ya faɗa tsakiyar lintal, wato katakon da yake kwance a saman ƙofa. Idan tsarinka haka yake, ka kai wa injiniyan gini ya lissafa lintal ɗin da ginshiƙansa; ban taɓa yin wannan da ƙiyasi ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya yi.

6. Lintal na ƙofar mota

Idan ƙofar tana bangon goshi, wato bangon da samansa ya yi tsini har zuwa doro, kuma ɗauri ka yi amfani da shi, lintal ɗin ɗan bangon da ke samansa kawai yake ɗauka. Idan tana bangon da raftoci suke sauka, yana ɗaukar rabin faɗin rufi da abin da ya zarce bango, kimanin kN 3.5 a kowace mita. Ƙofa mai faɗin mita 2.5 tana buƙatar kusan 365,000, katako biyu na 38 da 184 sun isa. Ƙofa mai faɗin mita 4.9 tana buƙatar 1,400,000, wato uku na 38 da 286. Faɗin ya ninka sau biyu, buƙatar ta ninka kusan sau huɗu, don haka ƙananan ƙofofi biyu sun fi babba guda sauƙin gini. A nan ka matsa iyakar lotsawa zuwa tsawo a raba da 360, kada lintal ya danne ƙofa. Kowane bakinsa ya zauna a kan tsayayyun katakai biyu aƙalla, ba a rataye shi da ƙusa.

7. Bango, da riƙe ginin daga iska

Ga gareji mai hawa ɗaya da ba ya ɗaukar komai sai rufi, tsayayyun katakai 38 da 89 a ratar milimita 400 ko 600 sun isa har tsayin mita 3. Bangon da ya fi haka, kamar tsakiyar bangon goshi, a yi shi da 38 da 140, kuma katakan su tashi ɗungurungum daga ƙasa har rufi ba tare da gaɓa ba, tunda babu silin da zai tallafe su a tsakiya. Saman bango a yi shi riɓi biyu, gaɓar na sama ta nisanci gaɓar na ƙasa da milimita 600 aƙalla, kuma ka yi ƙoƙari kowace rafta ta sauka daidai kan tsayayyen katako. Katakon ƙasa ya zama wanda ya sha magani, a sa abin tare danshi tsakaninsa da kankare, a ɗaure shi da bol kowace mita 1.8 ko ƙasa da haka, da kuma guda cikin milimita 300 daga kowane baki.

Rufin kwano ba shi da nauyi, kuma idan ƙofar gareji tana buɗe iska tana shiga ta tura shi daga ciki yayin da take zuƙarsa daga waje. Ƙusar da aka buga a karkace ba ta isa ba, kowace rafta a ɗaure ta da bango da ƙarfen ɗauri, a cika dukkan hudojinsa da ƙusa. Idan ba a sami na sayarwa ba, tsirin ƙarfe mai hana tsatsa da aka zagaya rafta aka buga a tsayayyen katako yana aiki. Domin kada ginin ya karkace, a lulluɓe bango da filawud, ƙusa kowane milimita 150 a gefuna da 300 a ciki. Inda babu filawud, a sa katakai a gicciye a kowace kusurwa. Guntun bangon da ke gefen ƙofar mota shi ne mafi rauni a ginin, don haka kada ka tsuke shi. Idan fili ya ba ka dama ka bar masa mita 1.2, idan kuma ya gaza haka yana buƙatar ɗauri na musamman zuwa tushe.

8. Tantance katako kafin yanka

Ka ɗaga kowane katako ka hange shi daga baki zuwa baki. Wanda ya murɗe, ko yake da doguwar tsaga, ko jijiyarsa ta karkace ta fita gefe, ka ware shi domin gajerun ayyuka. Babban ƙulli a gefen da zai kalli ƙasa, musamman a tsakiyar tsawo, yana rage ƙarfi sosai domin wannan gefen ne yake shan ja. Ka juya shi sama ko ka canza katakon. Kusan kowane katako yana da ɗan doro, ka yi masa alama ka ɗora shi doron yana sama, nauyi zai miƙar da shi. Duk bakin da ka yanka a katako mai magani ka sake shafa masa magani.

Ka yanka raftoci biyu tukuna ka gwada su a wurinsu, idan sun zauna daidai su zama samfurin sauran. Kafin ka ɗora su ka tokare bangayen, ka ja igiya a samansu ka tabbatar sun miƙe, ka auna faɗin garejin a baki biyu da tsakiya ka rubuta. Kada ka cire tokarin sai an gama buga dukkan katakan ɗauri ko an ɗaure bim da ginshiƙansa. Bayan an buga kwano ka sake auna faɗin a waɗannan wurare uku. Idan na tsakiya ya ƙaru, mahaɗar ɗauri ta fara zamewa, sai ka tokare doron daga ƙasa, ka jawo bangon ya koma wurinsa, ka ƙara bol a kowace mahaɗa kafin ka rataya ƙofa.